Teku a Falo

Shekara ashirin da biyu ina cike takardun kaya
a bakin tashar jirgin ruwa ta Kwatano.
Da na aje aiki na komo Yamai,
ban zo da komai ba sai ciwon gwiwa
da kewar ruwa mai gishiri.
Shi ya sa na kafa teku a falona na Bukoki:
gilashi kamu biyu, duwatsu, kifi huɗu.
Gishirin kuwa Alzuma direba ke kawo mini a bokiti,
don na Bilma, duk darajarsa, na miya ne.

Sai baƙin da ban gayyata ba suka fara sauka.
Maƙwabta suka leƙa suka ce, gansakuka ce.
To, gansakuka, amma 'yar gidan wa?
Ba a sallamar baƙo ba a san sunansa ba.

Ta fari ruwan ƙasa ce, kamar an barbaɗa garin citta
bisa yashi da jikin gilashi.
Na sa yatsa, ta tashi ba gardama.
Wannan ta sabon gida ce, ruwan pampo ya kawo ta,
in ta cinye guzurinta za ta kama hanya.

Ta biyu kore ce, gemun masara ke nan sak,
tana kaɗawa duk inda ruwa ya nufa.
Ina naɗe ta a tsohon burushin haƙori
kamar mai kaɗi da mazari.
Tana da 'yar uwa mai taurin kai.
Sai na sa tabarau biyu na gane ta:
kowane zare nata da 'yan rassa, kamar ganyen bagaruwa.
Ka tsinke ta yau, jibi ta gaishe ka.

Akwai 'yan ƙwallaye kore masu sheƙi,
jikata Zali ta ce a ba ta ta yi abin wuya.
Na ce kul!
A hankali ake murɗe su, a fitar da su ɗungum.

Ja kuwa, launin zoɓon da ya kwana,
shimfiɗa take yi inda ruwa ba ya motsi,
ta ɗago gaba ɗaya kamar fatar madarar da ta huce.
Likita Ciroma ya shinshina, ya yamutsa fuska,
ya ce ba ma ciyawa ba ce, ƙwayoyin cuta ne suka yi taro.

Wadda ta hana ni barci, majina ce, a gafarce ni,
mai kumfa a kan kowane zare.
Da asuba yashi fari tas, in ce na huta.
Azahar na yi, ga ta ta dawo da danginta.
Katantanwa biyu na tarar a kife.

Na zargi fitila. Na zargi watan Afrilu
da ɗauke wuta, da ƙanƙarar da nake saye a leda
in tsoma don kada tekuna ta dahu.
Na cika rabin littafi da zargi.

Daren Laraba na tashi shan ruwa,
sai ga Zali bisa kujera, gwangwanin abinci a hannu,
tana zuba wa kifi da duk yatsunta biyar.
Ta ce, Kaka, ai ba su yi sahur ba.

Ban yi faɗa ba. Na ɗauke gwangwanin
na ba ta murfin biro ya zama mudunta.

Sati shida ke nan. Ja ta janye, gemu ya yi sanƙo,
majinar dai muna nan muna kallon juna.
Jiya kuma, a gefen dutsen hagu,
wani tabo ruwan hoda, faɗin dala.
Na kankara da farce, ya ƙi.
Zali ta miƙo burushi.
Na ce a'a, mayar.
Wannan 'yar gida ce.