Mai Gyaran Famfo

Shekara talatin ina bin bututun Damagaram da kunne.
Daga Birni har Garin Malam
na san inda ruwa ke sulalewa a ƙarƙashin dutse
tun ƙasa ba ta nuna lema ba.
Nakan ce wa masu gida: yoyon da ka gani da sauƙi,
mai cin gini shi ne wanda bai yi magana ba.

Ashe ni ma gini ne.

Mato, abokin shayina a bakin Kasuwar Dole,
shekara biyu yana tashi sau biyar cikin dare,
buta a hannu, ya tsuguna, ya jira,
kamar mai layin ruwa da bazara.
Ya ce tsufa ne. Ya ce sanyi ne.
Ya sha sassaƙe, ya sha jiƙo, ya sha kunya.
Ran da ya yarda aka kai shi asibiti
abin ya riga ya sauka a ƙashin baya.
Laraba muka sallace shi, bayan la'asar.
Kofinsa na nan a kife.

Ni ba inda ke mini ciwo.
Haka na gaya wa Fassuma mai farar riga
tana ɗaure mini damtse da roba.
Ta ce, Baba Laminu, wannan dajin na maza
ba ya sallama in zai shigo.
A ƙarƙashin mafitsara yake laɓewa,
cikin wani ɗan ƙulli kamar goro,
amma jini na tsegunta shi.

Abin da ta ja bai cika cokali ba.
Na biya, na tuna tiyar hatsi nawa ke nan, na haɗiye.
Kwana uku ina ɗaura bututu a karkace.

Likita ya ce lambar ta ɗan hau.
Ba hukunci ba ne, ƙwanƙwasa ƙofa ce,
sai an ƙara dubawa.
Aka ƙara. Aka same shi,
ƙarami, bai ko leƙa waje ba.
Ya ce, wannan muna da abin yi masa.
Na fito, rana na dukan duwatsu,
ban nemi inuwa ba.

Da yamma na faɗa a wurin shayi.
Aka yi dariya: mai famfo ya kai nasa gyara!
Na bar su, ni ma na dara.

Sai da aka watse
Issaka ya biyo ni har bakin lungu,
yana gyara hular da ba ta karkace ba.
Ya ce, wurin nan,
ƙarfe nawa suke buɗewa?