Kashi Tamanin da Tara

Buhun wake huɗu na sayar a Kasuwar Daji,
na ƙulle kuɗin a aljihun ciki,
na hau mota zuwa Gusau
in sayo wa kwamfutata ido.

A shagon Lawali, bayan tsohuwar tasha,
katin hoto biyu na kwance cikin gilashi.
Ɗaya ƙato, fanka uku, baƙi wuluk kamar bajimi.
Ɗaya siriri, na hannu,
an goge shi, amma tsufa na maƙale a haƙoransa.
Raina ya tafi ga ƙaton.

Lawali ya zare tsinke daga baki:
"Mi kaka yi da shi? Wasa ko aiki?"
Na ce zanen gidaje.
"Tukunyar wutarka fa, nawa ta?"
Ɗari huɗu da hamsin.
Ya yi dariya har ya dafa kanta:
"Kayan raƙumi za ka aza ma jaki?
Wanga shan wuta shikai awa fako da ruwan fari.
Ka ma auna tsawon akwatin?"
Ban auna ba.
Na ɗauki siririn, na ƙirga canji,
ban ko waiwayi gilashin ba.

Bayan isha'i na shimfiɗa tabarma,
na zuba kusoshi a murfin kwano.
Kati ya shiga gurbinsa, ƙyas,
kamar an yanka masa wurin tun ran gini.
Na danna.
Fanka na juyawa, allo ya yi gum.
Na cire, na hura, na mayar.
Na zagi Lawali a zuci, na zagi wake.
Rabin sa'a ina gumi
kafin in ga wayar allon
na soke ta a tsohon rami,
sabon yana ƙasa, baki buɗe, yana kallona.
Lawali, ka yafe.

Sai babbar manhaja ta ce ba ta ga ma'aji ba.
Ga shi kuwa, ni na ɗaure shi da hannuna!
Na shiga shuɗin ɗakin nan na can ciki
inda kowane layi ke kama da tarko,
na juya abu guda, na fito da bismillah.
Ta gan shi.

Kashi goma. Kashi talatin.
Na jingina da bango, na fara zaɓen launin labule.
A sittin da bakwai ta tsaya cak,
ta ce wani fayil ya ɓata.
Na sake. Sittin da bakwai.
Na sake. Nan dai, kamar jaki a bakin gulbi.
Ashe filas ɗin da na saya hannun yaro a tasha,
mai rantsuwar giga sittin da huɗu,
cikinsa bai kai takwas ba.

Na ƙwanƙwasa wa Saratu.
Ta miƙo nata ta taga, ido a rufe:
"Aikin makarantata na ciki.
In ya goge, kai da Inna."
Na kwashe mata shi wuri biyu kafin in taɓa.

Saba'in. Tamanin.
Tamanin da tara,
aka ɗauke wuta.

Duk Tudun Wada ta yi tsit.
Na ji sauro, na ji zuciyata,
na ji wake buhu huɗu suna dariya a duhu.

Janaretan Mamman Tela na ara,
da alkawarin lita biyu da zanen shago kyauta.
Ya yi tari, ya yi tari, ya kama.
Daga farko kuma.
Wannan karon ban kalli lambar ba,
na zuba wa ƙadangaren bango ido.

Ladan na gyaran murya
allon ya waye, ya tambayi sunana.
Rubutu manya-manya kamar na mai koyo,
sai da na ba katin direbansa
komai ya koma daidai, tas.

Ban yi barci ba.
Na ja layi huɗu, na tsaga ƙofa:
ɗakin Inna, wanda damina ta ci bara.
Na buɗa masa taga ta gabas,
na juya shi a allo, sannu,
siririn bai ko yi nishi ba.