Mai Mazarƙwaila

Shekara talatin doki na zagaya inji,
ruwan rake na tafasa a kasko,
ni Barau nake ɗanɗana kowane zubi
kafin ya shiga kasuwar Maƙarfi.

Ƙishirwa ce ta fara sallama.
Buta uku ba ta kai ni asuba,
sau biyar nake zagayawa bayan ɗaki.
Da safe kiyashi ya yi layi inda na tsuguna.
Na yi shiru. Kiyashi ba ya ƙarya.

A Shika wata ma'aikaciya ta soki yatsana,
ta dubi lamba, ta dube ni:
"Baba, zaƙin da kake sayarwa ya biyo ka gida."

Lantana ta canza min kwano.
Malmala ɗaya, ba uku ba,
miyar zogale ta fi tuwon yawa,
wake, acca, yalo a aljihu
inda alewa take kwana a da.
Shayi ba suga: ranar farko na ja tsaki,
ranar arba'in na gane ɗanɗanon citta.

Babur na jingine, ƙafa ke kai ni gona.
Da dare ina haska tsakanin yatsun ƙafa
kamar mai neman kunama.
Magani kuwa ba fashi.

Har yau doki na zagayawa.
Jikana Tanimu ya miƙo hannu,
na gutsura masa kamar ƙwallon dabino:
"Wannan ya isa.
Ni ma haka na fara, ba wanda ya riƙe min hannu."