Rumfar Majema

Sarkin Majema ya ce, “Ginshiƙi biyu ne kawai, Tsahiru.”
Na ƙwanƙwasa na uku da ƙotar gizago,
ya amsa mini kamar ɓuraren goriba.
Gara ta daɗe tana aikinta a nan,
ba ta nemi kafin alƙalami ba,
ta cinye ciki, ta bar mana fenti a tsaye.

Muka tokare rufin da azara,
ni da Illo, yaron da ke tsoron tsani.
Kirya na ce a sayo.
Suka ce kirya tsada.
Na ce araha ai kun gan ta,
ga ta nan gari tana zuba a wuyan rigata.

Kwana huɗu ina kankara.
Shuɗi a sama, na shekarar da aka jawo lantarki.
Ƙarƙashinsa kore.
Ƙarƙashin koren wani ja mai duhu,
ba na gwangwani ba,
jan karan dafi, irin wanda suke ba fatar akuya.
Itacen kansa ya sha bagaruwa,
in zarto ya taɓa shi sai warin ya farka.

A ginshiƙin gabas na iske tsagar wuƙa,
biyar-biyar, layi kan layi har ƙugu.
Tsoho Barmo ya matso da sandarsa,
ya shafa da yatsa, tunda idon ya ƙi.
“Fatun Ɗan Tani ne,” in ji shi.
“Bashi. Tun muna kwari, kafin Gulbi ya kore mu tudu.
A ka aka ɗauko wannan itace.”
Na ce an biya?
Ya yi dariya har tari ya kama shi.

Shi ban cire shi ba.
Na yanke ruɓaɓɓen gindin,
na yi masa takalmin kirya da ƙusa shida,
na shayar da shi baƙin mai
don gara ta san an canza tuwo.

Kan launi an kai la'asar.
Samari na son fari, kamar na banki.
Dattijai suka yi shiru irin na ƙi.
Hurera mai fura ce ta raba gardamar:
“Hannunku wane launi ne?”
Kowa ya dubi tafinsa.

Ja muka shafa, shafi biyu,
jikka bakwai har da kananzir.
Illo ya hau tsani bai sani ba.

Akwai wani wuri daidai kafaɗa
inda masu shiga suke dafawa su tuɓe takalmi,
ya lotsa, ya yi santsi kamar bakin turmi.
Na kewaye shi da buroshi, na bar shi haka.
Sarki ya ce, “Ka manta nan.”
Na ce fenti ne ya ƙare.
Ya dubi gwangwanin, rabi,
ya dafa wurin, ya tuɓe takalmi, ya shiga.