Alfa Tela

A allon shagon kakana, nan Tudun Wadan Gombe,
fenti ya ɓaɓɓare, suna na nan daram:
Alfred Taylor.
Ba wanda ya taɓa kiransa haka a layin.
Mai shayi, mai tsire, har yaran makwabta,
kowa cewa yake Alfa Tela.

Daga Kaltungo ya fito. Yaro ne mai ɗebo ruwa
a gidan wani Baturen mishan.
Ranar baftisma aka nemi sunan uba,
ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsun ƙafa.
Sai Baturen ya ara masa nasa,
kamar mai ara wa baƙo hula.

Jiya da dare aka ɗauke wuta,
na bi sawun sunan a waya.
Wai Alfred, a tsohon harshensu na can,
shawarar aljanu ke nan.
Dattijon majami'a, da ko garayar 'yan bori ya ji sai ya sake hanya,
ashe shekara tamanin yana yawo da aljanu a katin shaida!
Na yi dariya har da ƙwalla.

Taylor kuwa mai yanka yadi ne, maɗinki.
Can ma sana'a kan zama suna,
yadda mu ke da gidan Maƙera da gidan Majema.
Kalmar ta tsallako teku, ta zubar da kaya a hanya,
bakin Bahaushe ya goge ta, ta zama tela.

Baturen bai taɓa zura zare a allura ba.
Tun kakan kakansa aka ajiye almakashi,
suna ya yi ta gantali ba aikin yi
sai da ya faɗo hannun kakana,
ya sami keke mai ƙafa da tulin ɗinkin Kirsimeti da na Salla.

Da safe na kai wa kaka labari
tana tsince shinkafa a faifai.
Ta ce, "To, na uwarsa fa?
Wanda ta raɗa masa a gindin dutse,
wayar taki ta san shi?"
Na yi shiru.
Ta faɗe shi sau ɗaya, ƙasa-ƙasa,
ta ce kada in rubuta, in dai riƙe da kula.