Langar Barira

Tun ladan bai gyara murya ba
na hura wuta da karan dawa.
Hayaƙi ya shige mini ido,
na bar shi ya ɗauki laifin hawayen.

Amalanken Hudu ce ta kife
a hanyar Maigatari, ran Alhamis,
buhun riɗi huɗu a kan ƙafa ɗaya.
Yau kwana tara Barira na gidan ɗori,
ba murhu, ba turmi,
sai tabarma da buta
da miji mai cije haƙori in an ja kara.

Na kira ta a wayar maƙwabta,
na ce, me kuke ci?
Ta ce alhamdu lillahi, ta sake cewa.
Tun muna tallan gyaɗa na san ta:
in ta faɗa sau biyu, tukunya a kife take.

Tuwo ba ɗan tafiya ba ne.
Yau tuwo, gobe ɗumame, jibi na kaji.
Ni abincin da ya iya jira nake nema,
wanda zai zauna a lungu, shiru,
har yunwa ta zo ta same shi.

Jan zakaran da na ajiye wa salla,
na ce masa ka yi haƙuri, sallarka ta matso.
Na dafa shi har ƙashi ya saki,
na daka, na zuba a man gyaɗa,
ina juyawa, ina juyawa,
har dambu ya daina kuka a kasko.
Inna kan ce wanda ya gama kukansa
shi ke daɗewa.
Ban taɓa tambaya ba ko nama take nufi.

Gero tiya biyu, surfe da wanki,
shanya a kan rufin ɗaki,
Sadisu na gadi da sanda saboda awaki.
Aka kai inji da citta da kanumfari.
Ga tsamiya, na ɓare, na dunƙula.
Ruwan zafi kaɗai za ta roƙa,
shi kuwa ba ya zubar da girman kowa.

Zogale ya bushe a inuwa, bai rasa korensa ba.
Ƙuliƙuli na dake shi laushi.
Yajin na rage masa barkono,
Hudu da gyambon ciki,
kada a gyara ƙafa a ɓata tumbi.
Garin ɗanwake da kukarsa a ciki,
kanwa a ƙullin leda daban.

Saura abu mai wuya.
Barira ba ta karɓa.
Ka ba ta allura, ta aiko da garma.

Sai na tuna langarta,
mai shuɗin fure, murfi a ɓantare,
wadda ta kawo mini kunun kanwa a ciki
ina jegon Sadisu.
Shekara shida tana bayan gadona,
kullum gobe, kullum gobe.
Na wanke ta da toka,
na danna dambu har murfi ya ƙi zama.

Ɗanliti ya ce a ɗaure kaya a bayan babur.
Na ce a'a, a cinyata.
Yashi ya kusa kayar da mu sau biyu,
ban saki ba.

Ta rame. Ɗankwalinta ya yi mata yawa.
Ta dubi ƙullin, ta dube ni,
baki ya fara shirin cewa a'a.
Na ce, kwanonki na dawo da shi,
a garinmu kuwa ba a mai da kwano wayam.
Ta ce, sauran fa?
Na ce, ladan jinkiri ne, shekara shida.

Ta buɗe, ta shinshina,
ta ce, har yau kina ƙona albasa.
Ta ɗebar wa Hudu a murfi.
Nata ta juya ta fuskanci bango,
loma ɗaya, loma biyu,
kafaɗunta na rawa.

Ni kuma na tsaya ina kallon ƙafar Hudu
kamar na san wani abu game da ɗori.