Babur a Shagon Darambazar

Na shiga Tsetserleg da hantsi,
buhu shida na gashin awaki a bayan motar Lhagwa,
gashin da na taje da hannuna tun sanyi bai sake mu ba.
Aka auna, aka ƙirga, aka miƙo.
Na cusa kuɗin a ƙirjin riga, na nufi shagon Darambazar.

Yana nan inda na bar shi bara,
jan babur mai dogayen ƙafafu,
tayoyinsa masu haƙora ba su taɓa ɗanɗana laka ba.
Takardar da ke rataye a wuyansa kaɗai ta canza:
an soke lambar bara da biro,
an rubuta wata a kanta, wadda ta fi ta ƙiba.

Na ce, Darambazar, me ya ci a shekara guda
da ya yi nauyi haka, ko ƙofa bai leƙa ba?
Ya ce kuɗin jirgin ƙasa. Ya ce kuɗin kan iyaka.
Ya ce tugurik ɗinmu ne ya rame.
Ya ce, ai da ka saya bara.
Bara ma abin da ya ce ke nan.

Shekara uku ina bin babur ɗin nan
kamar mai bin inuwar gajimare a fili,
in na taka goma, ya taka sha biyu.
Da farko akuya ashirin ce tsakanina da shi.
Yau sai rabin garke ya tafi,
to in sun tafi, wa zan kora da shi?

Ba don ado ba ne.
Ruwa ya yi nisa tun da ƙoramarmu ta ƙafe,
gwiwata kuma ta daina shiri da sirdi.
Daren da naƙuda ta kama 'yata Oyundari
tsohon nawa ya mutu a tsakiyar kwari.
Na tura shi ina zagi, taurari na kallo.
Kafin in kawo ungozoma
jikata ta riga ta yi kukan farko.
Lafiya lau. Amma ban manta ba.

Wani yaro ya shigo daga babban birni, tabarau a goshi,
ya hau, ya murɗa, ya ɗauki kansa hoto,
ya tambaya ko akwai shuɗi.
Wasan tudun yashi zai yi da shi ran Lahadi.
Ban ji haushinsa ba.
Takalmansa kawai na kalla, na fita.

Bayan kasuwa, cikin kwantena mai tsatsa,
Tsermaa na zaune a tulin ƙarafa,
baƙin mai har gwiwar hannu.
Na sayi sarƙa, fulogi biyu,
da fistin da aka ciro daga gawar wani babur.
Ta ce, naka zai ƙara hunturu ɗaya in ka lallaɓa shi.
Na ce, ni ma haka likita ya ce mini.
Ta yi dariya har ta ƙara mini noti uku kyauta.

Sauran kuɗin ya zama gari, shayi, gishiri,
da ɗan takalmin da bai cika tafin hannuna ba.

Da yamma, a bakin tanti, na baje ƙarafa kan fatar tunkiya.
Tsohon dokina ya matso yana shinshina,
kallon wanda aka sallama daga aiki
aka kuma ba wa rago gurbinsa.
Na ɗaure, na kwance, na sake ɗaurewa.
Kik ɗaya, shiru. Biyar, tari.
A na tara ya kama da rawar jiki,
hayaƙi ya tashi, awaki suka watse.

Baɗi zan koma in duba takardar.
So nake in gani, tsakanin gwiwata da biron Darambazar,
wa zai riga ƙarewa.